"Walk out" yajin aiki ne ko ficewa daga taro? A taimaka da bayani

Mai_Fassara_Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman masu ilimin Turanci su warware mini wani abu. Aikina fassara labaran ƙasashen waje zuwa Hausa, kuma "walk out" tana ba ni wahala. Yau a rubuta "nurses walk out over pay", gobe a rubuta "delegates walked out of the meeting", jibi kuma "he walked out on his family". Ta farkon yajin aiki ce? In yajin aiki ce, me ya raba ta da "strike"? Kuma me ya sa Bature ya haɗa barin aiki da barin taro da barin iyali a kalma guda? Ba na so in faɗa wa masu sauraro an shiga yajin aiki alhali fita kawai aka yi daga ɗakin taro. Wanda ya san sauran kalmomin da ke dangin wannan ma ya kawo.

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da zai fitar da kai shi ne ka dubi wanda ya yi fitar da kuma ƙaramar kalmar da ta biyo baya. In ma'aikata ne, kuma aka ce "over pay" ko "over conditions", to yajin aiki ake nufi, babu tantama. In aka ce "out of" sannan aka ambaci taro ko zauren majalisa ko tattaunawa, ficewa ce don nuna rashin amincewa. In kuwa "on" ce ta biyo baya, aka ambaci mutum, to an gudu an bar shi ne da nauyi a kansa.

Bambancinta da "strike" kuwa: "strike" ita ce uwa, ita doka ta sani, ita ƙungiyar ƙwadago ke rubutawa a takardar sanarwa. "Walkout" tana ɗauke da hoton mutane suna tsakiyar aiki suka miƙe suka fice tare, shi ya sa ake jin ƙanshin gaggawa da fushi a jikinta. Sai dai 'yan jaridar Ingila da Amurka sun mayar da su kamar abu ɗaya, musamman in sun riga sun yi amfani da "strike" a layin farko ba sa son maimaitawa. Akwai kuma "stoppage" da "down tools" da "industrial action", duk za ka gamu da su.

Hajiya_Maman_Yara:
Ɗana mai tambaya, ka ce me ya sa Bature ya haɗa barin aiki da barin iyali. Ai mu ma haka muka yi. Daga ina ka ga mun samo "yajin aiki"? Yaji na mace ne tun asali. An ɓata mata rai a gidan miji, ta ɗauki mayafi ta goya ɗanta ta tafi gidansu. Ba a sake ta ba, ita ma ba ta ce auren ya ƙare ba. Tana can tana jiran a zo biko, a zauna da manya, a ji kokenta, a ba ta haƙuri, wani lokaci har da ɗan abin biko, sannan ta koma ɗakinta. Wanda ya fara cewa ma'aikata sun yi yaji ya san abin da yake faɗa, don su ma ba barin aikin suka yi ba, biko suke jira.

Malam_Nahawu:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan bayani ya yi. Amma a nan ne ma nake so mai tambaya ya yi hattara. "She walked out on him" ba lallai ne yaji ba. Mai yaji tana sa ran komawa. Wadda ta yi "walk out on" sau da yawa ta tafi ke nan, ta tattara nata ya nata. Kuma namiji ma yana yi, mu kuwa ba ma cewa namiji ya yi yaji daga gidansa, sai mu ce ya gudu ya bar iyalinsa, ko ya yi watsi da su.

Abu_Safwan:
Gaskiya ne. Ni na fi jin "ya tsallake ya bar su" a bakin mata.

Dan_Tarihi_Katsina:
Bari in sa baki ta fannina. "Strike" da kowa ya sani tana nufin duka ko bugu, shi ya sa ɗalibai suke mamakin yadda ta koma ƙin aiki. Abin da masu bin asalin kalmomi suka rubuta shi ne daga ma'aikatan jiragen ruwa ta fito. A yarensu, in aka sauke manyan ƙyallayen nan da iska ke tura jirgi da su, sai a ce an yi "strike" ɗinsu. A 1768 matuƙa a tashar jiragen Landan suka bi jiragen 'yan kasuwa suna sauke ƙyallayen don kada ko ɗaya ya tashi sai an duba maganar albashinsu. Daga nan kalmar ta bi sauran ma'aikata.

"Boycott" kuma sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott wakilin wani mai manyan gonaki ne a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan. A 1880 amfanin gona bai yi kyau ba, masu hayar gonakin suka nemi a rage musu kuɗin haya sosai, aka ƙi, aka fara yunƙurin korarsu. Mutanen yankin ba su taɓa lafiyarsa ba. Masu yi masa aiki suka watse, masu shaguna suka daina sayar masa da kaya, har mai kai masa wasiƙa ya daina zuwa. Sai da aka kawo wasu daga arewacin ƙasar da rakiyar sojoji suka girbe masa amfanin, kafin shekarar ta fita ya bar ƙasar. Mu "ƙaurace wa" muke cewa, kuma ta zauna daidai. Najeriya ta ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal a 1976 tare da sauran ƙasashen Afirka da dama, saboda an ƙi hana New Zealand shiga bayan 'yan wasan rugby ɗinta sun je Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata.

Mai_Fassara_Gusau:
Na gode ƙwarai. To ashe "boycott" ba a shiga ba ne tun farko, "walk out" kuma an shiga sannan aka fito?

Dan_Tarihi_Katsina:
Galibi haka ne, kuma ɗaya kan haifi ɗaya. A watan Janairun 1950 wakilin Tarayyar Sobiyet ya fice daga zaman Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya saboda an ƙi ba gwamnatin kwaminis ta Sin kujerar ƙasar. Fitar ranar ita ce "walkout". Rashin dawowarsa har zuwa Agusta shi ne "boycott". Kuma a cikin wannan ƙauracewar ne yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yuni, kwamitin ya amince a tura dakaru, babu mai hawa kujerar na-ƙi don mai ita ba ya nan.

Na gida kuma, ranar 31 ga Maris 1953 a Majalisar Wakilai ta Legas, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar a sa "da zarar hali ya yi". Da 'yan jam'iyyun AG da NCNC suka ga rinjaye ba ya hannunsu sai suka fice daga zauren. Duk littafin tarihin da ka buɗe "walked out" za ka gani. Ka ga a nan in mai fassara ya ce sun shiga yajin aiki ya ɓata labarin gaba ɗaya.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Faransanci muka yi a lakwal, amma wanga zance ya shafe mu. Yajin aiki "grève" ne, sunan wani fili a bakin kogin Seine a birnin Paris inda marasa aiki ke taruwa a da suna jiran mai ɗauka. Wanda ma'aikata ke tsayawa na 'yan awoyi su fita su dawo kuma "débrayage" ake ce mishi, daga taka kulocin mota aka samo shi: inji na aiki amma ba ya jan taya. Ina ganin shi ya fi kusa da "walkout" ɗinku.

Abin da na so in tambaya: an ce mini Ingilishi na cewa "French leave" in mutum ya sulale ba sallama. Gaskiya ne? Don mu a Faransanci "filer à l'anglaise" muke cewa, wato tafiya irin ta Ingilishi.

Malam_Nahawu:
Gaskiya ne Malam Issoufou. "Take French leave" tun ƙarni na 18 take, wai al'adar barin walima ba tare da an yi wa mai gida sallama ba. Kowannensu ya jingina wa maƙwabcinsa. A Amurka kuma "Irish goodbye" suke cewa. A Najeriya har yanzu tsofaffin ma'aikatan gwamnati na amfani da "French leave" ga wanda ya bar ofis ba izini, amma a Ingila kanta ta fara tsufa.

Jikan_Dan_Reluwe:
Ni ba masanin Turanci ba ne, amma kakana ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Zariya, kuma ya ga yajin aikin gama-gari na 1945. Yaƙin duniya ya sa kaya sun yi tsada, ma'aikata suka nemi ƙarin alawus ɗin tsadar rayuwa, wanda suke kira Kola, gwamnatin Turawa ta ƙi. A watan Yuni 'yan reluwe suka fara, Michael Imoudu na gaba, bai daɗe da fitowa daga tsare ba. Aka yi kusan wata ɗaya da rabi. Kakana bai iya Turanci ba amma har ya rasu bai manta "down tools" ba. Yakan nuna mana da hannu yadda suka yi: kowa ya ajiye gudumarsa da sifanarsa a kan bencin aiki, a jere, aka share wurin, sannan suka fito. Ya ce sun jera su ne don kada a ce sun saci kayan gwamnati ko sun lalata. In na ga jarida ta rubuta likitoci ko malaman jami'a sun yi "down tools" sai in tuna da shi, duk da su ba guduma gare su ba.

Ummu_Hanan:
Allah ya jiƙan kaka. Mutanen da akwai tsari.

Barista_Kaduna:
Amin. Mai tambaya, tunda labarai kake fassarawa, akwai inda kuskure zai iya jawo maka magana, bari in taɓo su.

"Industrial action" ta fi "strike" faɗi. Ma'aikata na iya zuwa aiki kullum amma suna cikinta. Misali "go-slow", a zo a yi aikin amma da jan ƙafa da gangan. Ko "work-to-rule", a bi kowace ƙa'ida da ke rubuce filla-filla, ba ƙarin minti ɗaya, ba taimakon da ba ya cikin takardar ɗaukar aiki, har komai ya cushe. In ka fassara waɗannan da yajin aiki kai tsaye, mai sauraro zai ɗauka an rufe wurin, alhali a buɗe yake.

Wadda na fi ganin ana juyawa ita ce "lockout". Wannan ba ma'aikata ke yi ba, mai kamfani ne ke garƙame ƙofa ya hana su shiga don ya tilasta musu. Kuma doka ta raba su. Sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago ta Najeriya, wanda ake yawan ambato kan "ba aiki, ba albashi", ya ce mai yajin aiki ba shi da haƙƙin albashin kwanakin da bai yi aiki ba. Amma wannan sashen dai ya ce in mai aikin ne ya rufe musu ƙofa, sai ya biya su. Ka ga kalma ɗaya ce ke nuna wa zai ɗauki asarar.

Abin da ya faru a mahaƙar kwal ta Iva Valley a Inugu a 1949 ya haɗa su duka. Mahaƙa suka fara da jan ƙafa. Hukumar mahaƙar ta ɗauki matakin kora da rufe ƙofa. Su kuma suka ƙi fitowa daga mahaƙar, suka yi zaman dirshan, wato "sit-in". Ranar 18 ga Nuwamba 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum 21 suka mutu.

Sai "wildcat strike", wanda ma'aikata suka yi da kansu ba da amincewar shugabannin ƙungiyarsu ba. A Ingila "unofficial strike" suka fi cewa.

Sadiq_Sabon_Gari:
Barista, "go-slow" ba gosulo ba ne? Cunkoson motoci?

Barista_Kaduna:
A Najeriya kaɗai, ƙanena, ko in ce a wannan yanki namu. In ka ce wa mutumin Landan ka makara saboda "go-slow" zai ɗauka direbobin bas ne ke rikici da kamfaninsu. Shi "traffic jam" ya sani.

Daliba_Mai_Jiran_Digiri:
Ku yi haƙuri, ni in aka ce "strike" ba ƙamus nake tunawa ba. Mu da muke jami'a a 2022 mun haddace kalmomin nan ba da son ranmu ba. Ranar 14 ga Fabrairu ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta ce "warning strike" na mako huɗu, muka bar kayanmu a ɗakunan kwana don mun ɗauka yanzu za mu dawo. Sai "roll over", aka ƙara. Aka sake ƙarawa. A ƙarshen Agusta aka ce "indefinite". Sai 14 ga Oktoba aka ce "suspended". Wata takwas cur. Da muka koma, katifata ta yi funfuna, ɓeraye sun cinye takardun da na bari a akwati. Ƙawata ɗaya ba ta dawo ba, an yi mata aure a tsakanin. Wannan kuma bayan na 2020 da ya ci wata tara. Su suna kiransa gwagwarmaya, mu shekarunmu ne suka tafi.

Dokta_AA:
'Yata, abin da ya same ku babu malamin da ya ji daɗinsa, 'ya'yanmu ma a gida suka zauna. Mu ma watannin nan ba a biya mu ba, akwai abokan aikinmu da suka sayar da motocinsu, akwai wanda ya kwanta ciwo babu kuɗin magani. Yarjejeniyarmu da gwamnati da ake ta magana a kai tun 2009 aka sa mata hannu. In an zauna an yi alkawari an ƙi cikawa shekara da shekaru, wace hanya ta rage wa ma'aikaci?

Daliba_Mai_Jiran_Digiri:
Na ji Baba, kuma ban ce ba ku da gaskiya ba. Amma waɗanda kuke yi dominsu su ji, 'ya'yansu ba a nan suke karatu ba.

Abu_Safwan:
Wannan ita ce maganar. Yajin da bai taɓa mai mulki ba talaka yake ci.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, maganar ASUU tana da zaurenta, kuma in muka shiga ba za mu fito ba. A koma kan tambayar Malam.

Barista_Kaduna:
Amma ɗalibar nan ta kawo abin da ya shafi tambayar. Ta ce "suspended". Ƙungiyoyin Najeriya kusan ba sa cewa "called off". "Call off" an janye ke nan, magana ta ƙare. "Suspend" an jingine ne, ana iya ɗaukowa in gwamnati ta saɓa. Haka ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka ce a Janairun 2012 bayan yajin cire tallafin mai, da aka mayar da lita Naira 97. Gidajen rediyo da yawa "janye" suke cewa ga duka biyun. Ni da za a bi tawa, "dakatar" ko "jingine" ga ta farko, "janye" ga ta biyu. Akwai kuma "shelve", wannan ba a ma fara ba aka fasa.

Mai_Fassara_Gusau:
Wannan ya amfane ni, Barista. "Indefinite" fa? Mu "sai baba ta gani" muke sawa.

Malam_Nahawu:
Ni ba na son ta a labarai. Akwai wasa a cikinta, kuma tana nuna kamar ba za a taɓa dawowa ba. "Indefinite" cewa kawai take ba a sa ranar ƙarewa ba. "Har sai abin da hali ya yi" ta fi.

Hajiya_Maman_Yara:
A'a Malam, bar mana "sai baba ta gani". Tsohuwa a ƙauye tana ji ta gane ba na kwana uku ba ne, ta san ba za ta kai jikanta asibitin gwamnati gobe ba. Labarin ai don ita ake karantawa.

Nas_A_Ingila:
Ina aikin jinya a nan, kuma ina cikin waɗanda suka fita a watan Disambar 2022, karon farko da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta RCN ta yi yajin aiki na ƙasa a tarihinta. Ina so in ƙara wa bayanin Malam_Nahawu na farko. Jaridu sun yi ta rubuta "nurses walk out", amma babu wanda ya miƙe ya bar majinyaci a gado. A nan sai an aiko wa kowane ɗan ƙungiya takardar ƙuri'a, an ƙirga, an sanar da asibiti ranakun tun da wuri, an kuma ware sassan da ba za a taɓa ba, kamar ɗakin masu tsananin ciwo da masu wankin ƙoda. Don haka gaggawar da ake ji a cikin kalmar ba ta nan ko kaɗan. Haka da ƙananan likitoci suka yi kwana shida a Janairun 2024, "six-day walkout" aka rubuta, alhali an san da shi makonni kafin ranar.

Abin da ban sani ba sai da na zo shi ne "picket line". Da asuba muka taru a bakin ƙofar asibiti cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage, kowa da kwalinsa, masu motoci na wucewa suna danna mana oda, wata tsohuwa ta kawo mana shayi a fulas da biskit. Ba a hana kowa shiga da ƙarfi. Amma wanda ya ratsa ya shiga aiki an ce ya yi "cross the picket line", kuma abin kunya ne babba a wurinsu. Sunan da ake kiransa "scab", asalinta ɓawon da ke kan gyambo. Tsofaffi kan ce "blackleg". Zagi ne mai zafi, kada wani ya ɗauka kalmar labarai ce. Ta labarai ita ce "strikebreaker". An gaya mini a garuruwan masu haƙar kwal akwai gidajen da har yau ba sa ga maciji saboda wanda ya koma aiki a yajin 1984 zuwa 1985.

Jikan_Dan_Reluwe:
A nan kuwa "picket" ɗin 'yan ƙwadago sarƙa da kwaɗo ne a get, ba mai shiga.

Oga_Admin_Abuja:
Kun tsaya kan yajin aiki, ɗaya ɓangaren tambayar fa? Na mutum ɗaya da ya bar wuri. A ofis kalmomin nan ba ɗaya ba ne, kuma abin da aka rubuta a fayil ɗinka yana bin ka. "Resign" ka rubuta takarda ka ba da wa'adi, ka ajiye aiki ko ka yi murabus cikin mutunci. "Quit" ita ma barin aiki ce amma ta baka ce, ba a sa ta a takarda. "Abscond" kuwa ka ɓace ba sanarwa, kuma tana ɗauke da zargi, kamar ka gudu da wani abu ko kana guje wa hukunci. Masu yi wa ƙasa hidima sun san ta, wanda aka rubuta masa ita yakan maimaita shekarar. Na taɓa ganin wani matashi ya rubuto da hannunsa cewa yana neman afuwa don ya yi "abscond" na kwana biyu da mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Na kira shi na ce ya sake takardar ya sa "absent", don kada ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba.

"AWOL" ta soja ce, barin bakin aiki ba izini. In ba niyyar dawowa, ta zama "desertion", hukuncinta ya fi tsanani.

Malam_Nahawu:
Madalla. A kan na fushi kuma akwai "storm out", ya fice a fusace, irin fitar da ake bugo ƙofa. "Walk off" an fi yi wa fili ko dandamali, kamar 'yan ƙwallo su bar fili ana tsakiyar wasa. Na tsoro akwai "bolt" da "flee" da "take to one's heels", mu nan muna da su birjik: ya arce, ya ranta a na kare, ya cika wandonsa da iska, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na sata kuma "slip away" da "sneak out", ya sulale, ya saci jiki. Wanda ya ci abinci ya gudu bai biya ba, Ingilishi kan ce "he did a runner".

Guda ɗaya da ke rikita mutane ita ce "decamp". A jaridun Najeriya sauya sheƙa ce daga jam'iyya zuwa jam'iyya. A Turancin Ingila tashi ne daga wuri farat ɗaya, asalinta sojoji su kwashe sansani. In ka ga an rubuta wani attajiri ya yi "decamp" zuwa Dubai, ba jam'iyya ya canza ba, kayansa ya kwashe. Sauya sheƙa a can "defect" ce.

Sadiq_Sabon_Gari:
Malam duk na manya kuka kawo. Mu a waya "bounce" muke gani, da "dip", da "bail". "I gotta bounce" kamar ka ce bari in ware. "He bailed on us" ya zame mana a ƙurarren lokaci. Sai "ghost", mutum ya daina ɗaga wayarka ya daina amsa saƙo ba dalili, ya yi layar zana. Da "japa" ta Yarbawa, an ce ma ta shiga ƙamus ɗin Oxford.

Ummu_Hanan:
Ta shiga. Amma "japa" barin ƙasa ce neman rayuwa, ba ta cikin wannan layin sosai. Mu "ci-rani" muka sani, kodayake ɗan ci-rani yana dawowa da damina.

Abu_Safwan:
Tambaya: "sit-in" da "sit-at-home" ɗaya ne?

Barista_Kaduna:
Kishiyoyi ne. "Sit-in" ko "sit-down strike" ka je wurin aikin ka zauna ka ƙi fita, don kada a kawo wasu su karɓi aikin. Haka ma'aikatan General Motors suka yi a garin Flint na Amurka daga ƙarshen Disambar 1936 zuwa Fabrairun 1937, suna kwana a cikin masana'anta har kamfanin ya yarda ya zauna da ƙungiyarsu. "Sit-at-home" kuwa ka ƙi fitowa daga gida, irin wanda aka yi ta yi ranakun Litinin a kudu maso gabas, kuma wannan ba rikicin ma'aikaci da mai aiki ba ne. A Afirka ta Kudu "stayaway" suke cewa.

Akwai ma dabarar waɗanda doka ta hana yajin aiki. 'Yan sandan Amurka kan kira gaba ɗaya rana guda kowa ya ce ba shi da lafiya, ana ce masa "sickout" ko "blue flu" saboda launin kayansu. Dalilin ɓoyewar a fili yake: a 1981 masu kula da zirga-zirgar jiragen sama suka fita a sarari, Shugaba Reagan ya kori fiye da 11,000.

Mai_Fassara_Gusau:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga wanda ke gabana yanzu, a gwada mini: ma'aikatan Google kusan 20,000 sun yi "walkout" a ofisoshinsu na ƙasashe daban-daban ranar 1 ga Nuwamba 2018, kan yadda kamfanin ya bi da ƙorafin cin zarafin mata. Sun fito da safe sun taru a waje, daga baya suka koma bakin aiki. Ba ƙungiyar ƙwadago ce ta kira ba. Yajin gargaɗi zan ce?

Malam_Nahawu:
Ni zan ce sun fice daga ofisoshinsu na ɗan lokaci don nuna rashin amincewa. Doguwa ce amma ba ta yi ƙarya ba.

Dokta_AA:
Ni kuwa yajin aiki zan kira shi, ko na awa ɗaya ne. Sun bar aiki tare, suna da buƙatu a rubuce, kuma kwanaki kaɗan bayan haka kamfanin ya sauya wasu ƙa'idojinsa. In wannan ba yaji ba ne, mene ne?

Nas_A_Ingila:
Dokta, a nan in ba a kaɗa ƙuri'a ba doka ba ta ba shi kariyar yajin aiki, ana iya hukunta wanda ya fita. Ban ce haka dokar Amurka take ba, amma shi ya sa nake ganin gara a ce zanga-zangar ma'aikata.

Issoufou_Maradi:
Shi ne "débrayage" da na faɗa muku. Ku Hausar Najeriya ba ku da kalma guda gare shi?

Hajiya_Maman_Yara:
Wadda ta fita tsakar gida ta yi faɗanta ta koma ɗaki ba a ce ta yi yaji. Bore ta yi. Ka rubuta ma'aikata sun yi bore, ɗana.

Barista_Kaduna:
Hajiya, "bore" a labarai ta yi nauyi, mai sauraro zai ɗauka an yi ƙone-ƙone ko sojoji sun juya wa manyansu baya. In editanka ya yarda da doguwar jimla, ɗauki ta Malam_Nahawu, ka ƙara da cewa sun koma aiki a ranar.